Neman taimako: wili huɗu da na tarar a ɗakin ajiyar mahaifina, na wace mota ne?

Ɗan Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da duk masu kishin tsofaffin motoci. Wata 8 ke nan ina fama da aikin tayar da motar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wato Peugeot 504 ƙirar 1978 daga cikin waɗanda aka harhaɗa a nan Kaduna. Ta shekara 19 a ɗore kan bulo a bayan gida, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Yanzu alhamdu lillahi inji ya tashi, an kammala walda, abin da ya rage shi ne birki da fenti da ƙafafu, kuma a kan ƙafafun ne na cije.

Wilinta na asali, wanda wasu ke kira rim, na ƙarfe ne. Biyu daga ciki tsatsa ta cinye su har ana hango haske ta gefen da ruwa ya kwanta, ɗaya ya lanƙwashe a baki, ɗaya ne kawai ke da sauran mamora. A makon jiya, ina kwashe kayan ɗakin ajiya, sai na tarar da wasu wili guda huɗu a ƙarƙashin tsofaffin tabarmi, an naɗe kowanne da takardar buhun siminti an ɗaure da igiya, irin ɗaurin da mahaifina yake yi wa abin da yake ji da shi. Na kanga musu maganaɗisu bai kama ba, don haka na san na alminiyom ne. Kowanne yana da ramin noti huɗu, kuma an shafe su da baƙin fenti mai kauri ciki da waje, ta yadda ban iya ganin rubutu ko tambari a ko'ina ba. Ban samu na gwada su a jikin motar ba, domin an kwance hob ɗin gaba da na baya, wato ƙarfen da ake ɗaura wili a jikinsa, saboda aikin birki.

Na ɗora tef daga wannan baki zuwa wancan, na samu wajen milimita 415. Mai facin da na kai wa guda ɗaya ya duba ya ce inci 15 ne, ya ɗauko taya mai inci 15, ya shafa ruwan sabulu, ya yi ta fama da ƙarafunsa har gumi ya jiƙa masa riga, tayar ta ƙi hawa, daga ƙarshe ma bakinta ya tsage waya ta fito. Da ya ɗauko mai inci 16 kuwa sai ta zurma ba wata wahala, tana lilo a jikin wilin. Ya miƙa hannu zai jona iska, na ce ya dakata, domin raina bai kwanta ba.

Tambayata ita ce, na wace mota ne wannan wilin da inci 15 ta yi masa kaɗan, 16 kuma ta yi masa yawa? Kuma idan an gane shi, ya dace in sa wa 504 ɗin ko bai dace ba? Ina so motar ta fita kamar yadda na san ta ina yaro, amma kuma ina jin nauyin watsar da abin da mahaifina ya adana da hannunsa.

Mai Kunkuru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aikin ya ƙare lafiya. Ni zatona ya fi karkata ga Volkswagen Beetle, domin tun daga ƙirar 1968 ta bar rami biyar masu faɗin zagaye na milimita 205 ta koma rami huɗu a kan milimita 130, kuma wilinta inci 15 ne. An harhaɗa ta a Legas tun 1975, kuma masu ita da yawa sun riƙa saya mata wilin alminiyom na kwalliya. Mai yiwuwa ne kaurin fentin da datti ne suka hana tayar hawa, ko kuma tayar da aka gwada ta bushe. Ka auna tsakanin ramukan ka faɗa mana.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, ka yi daidai da ka riƙe hannun mai facin nan, kuma ina roƙonka kada a sake kusantar wilin da iska sai an san girmansa. Tayar da ta fi wili girma tana iya yin kamar ta zauna, amma idan iska ta cika ta sai bakinta ya kuɓuce da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuskar wanda ya sunkuya a kanta. Game da zaton ɗan'uwanmu Mai Kunkuru, ban ce ba zai yiwu ba, amma kaurin fenti ba ya tsaga wayar taya. Idan waya ta tsinke, to ƙarfen ne ya fi ta girma.

Awon da ka yi ba shi ne awon wili ba. Ba a auna wili daga leɓe zuwa leɓe, ana auna shi ne a wurin da bakin taya yake zama, wato ɗan dandamalin nan da ke ƙasan leɓen daga ciki. Leɓen da ake kira J yana da tsayin milimita 17 da 'yan kai, saboda haka wili mai inci 14 yakan ba ka wajen milimita 390 idan ka auna shi daga waje, mai inci 15 kuma ya ba ka wajen 415. Wannan ne ya sa mai facinka ya ce 15, kuma ban ga laifinsa ba, domin kowa zai fara da wannan zaton. Abin da za ka yi shi ne ka samo zare marar miƙewa ko siririyar waya, ka kankare fentin daga mazaunin tayar, ka zagaya zaren sau ɗaya, ka yi alama, sannan ka shimfiɗa shi a kan tef. Mai inci 14 zai ba ka wajen milimita 1,115, mai inci 15 wajen 1,195, mai inci 16 kuma wajen 1,275. Duk abin da ya faɗa tsakanin waɗannan, to wani labari ne daban.

Na biyu shi ne zagayen ramukan noti, kuma shi ne yake fara faɗa maka gidan da wili ya fito. Tunda naka huɗu ne, aikin mai sauƙi ne: ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda yake fuskantarsa ta ƙetaren babban ramin tsakiya. Idan tsakiyar rami ta yi maka wuyar kamawa, ka auna daga bakin hagu na wannan zuwa bakin hagu na wancan, duk ɗaya ne. Sannan ka tabbatar da awon ta hanyar auna ramuka biyu maƙwabta. Idan zagayen 140 ne, irin na 504 da 505 da 604, maƙwabtan za su ba ka 99. Idan 130 ne irin na Beetle, za su ba ka 92. Idan 108 ne irin na 405 da 406 da 206, za su ba ka 76 da ɗan ɗori. Kada ka raina bambancin milimita biyu ko uku, domin wilin da aka tilasta wa zama a kan zagayen da ba nasa ba, notinsa yakan kwance a hanya ko ƙusar hob ta karye. Akwai kuma tsofaffin Subaru irin su Leone da suka yi amfani da 140 a rami huɗu, don haka ko 140 ɗin ya fito, ba mu gama ba tukuna.

Na uku, ka auna faɗinsa daga cikin leɓe zuwa cikin leɓe. Na huɗu kuma, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne zurfin mazaunin hob, abin da ake bugawa da haruffan ET. Ka kifa wilin, ka gicciya katako miƙaƙƙe a kan leɓen baya, ka auna daga katakon zuwa fuskar da take mannuwa da hob, sannan ka cire rabin cikakken faɗin wilin daga abin da ka samu. Ka yi wa tsohon wilin motar irin wannan awon don ka kwatanta. Saboda haka nake gargaɗinka da kada ka bai wa 'yan gwangwan waɗancan masu tsatsar, ko da sun ruɓe, domin su ne shaidarka a kan abin da masana'anta ta sa wa motar.

Rubutun da kake nema yana nan, fenti ne ya binne shi. A wilin ƙarfe akan buga shi kusa da ramin bawul ko a cikin kwarin da taya take rufewa. A na alminiyom kuwa akan zubo shi tare da wilin, a bayan hannuwansa ko tsakanin ramukan noti ta baya. Ka yi amfani da maganin cire fenti da burushi mai laushi, kada ka sa injin gurza ko sanfefa mai kaushi, domin alminiyom ba ya jure su, za ka share lambar tare da fentin. Idan ka wanke, ka haska tocila daga gefe da dare, inuwa za ta fito maka da abin da ido bai gani da rana.

Ɗan Kakuri ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin ramukan da ke fuskantar juna milimita 140 ne cif, maƙwabta kuma 99, ke nan batun Beetle ya kau, duk da haka ina godiya ga Malam Mai Kunkuru. Faɗinsa daga ciki 150 ne. Zaren kuwa na zagaya shi har sau uku don ban yarda da idona ba, kuma kowane karo yana tsayawa a 1,225, wato ya faɗa tsakanin 15 da 16 kamar yadda ka yi hasashe. Na kuma lura cewa leɓensa ya fi na tsohon wilin gajarta, kuma ya ɗan kwanta waje maimakon ya miƙe tsaye. Da na wanke bayan guda ɗaya na haska tocila, sai ga ɗan ƙaramin zaki, tambarin Peugeot, ya bayyana, kusa da shi kuma akwai 150, sai TR, sai 39 da wata lamba ta ƙarshe da gishirin alminiyom ya cinye.

Bamaraɗe ya amsa:

Salamu alaikum, jama'a. Malam Ɗan Kakuri, lambar da ta ɓace sifiri ce, rubutun kuma 150 TR 390 ne. Abin da ke hannunka janti ne, kamar yadda muke kiran wili a nan Nijar, na tsarin TRX wanda kamfanin Michelin ya fito da shi a 1975. Ba da inci aka ƙera shi ba, da milimita ne: 150 faɗinsa, 390 kuma girman mazaunin taya. Idan ka raba 1,225 ɗin da zarenka ya ba ka da 3.14 za ka ga 390 ta fito. A lissafin inci, 390 tana daidai da 15 da kusan sulusi, ke nan ta ɗara inci 15 da wajen milimita 9 ko 10, ta kuma gaza inci 16 da wajen milimita 16. Wannan shi ne dalilin da ya sa ta farko ta tsage, ta biyu kuma ta yi lilo.

Michelin ta ƙera tayar da wilin ne tare a matsayin abu ɗaya. A lokacin ana son taya mai gajeren gefe don mota ta riƙe hanya a kwana, amma gajeren gefe yana sa mota ta yi tauri a kan gargada. Sai suka gajarta leɓen wilin suka kwantar da shi, yadda gefen tayar zai samu wurin lanƙwasawa a hankali, nauyi ya rarrabu a jikinsa duka. Gajeren leɓen nan da ka lura da shi, shi ne alamar tsarin, kuma shi ya sa awonka na waje ya yi kama da na inci 15. Sun zaɓi awon milimita da gangan domin kada wani ya haɗa tayar da wilin da ba nata ba. An yi shi a girma 340 da 365 da 390 da 415, kuma motoci da dama sun fito da shi a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980, irin su Citroën CX da Renault 30 da manyan BMW, har da Ford Mustang ta 1979 a Amurka. Daga baya tayoyi masu gajeren gefe na awon inci suka yawaita kuma suka fi araha, sai tsarin ya mutu a kasuwa.

Tunda naka yana da zaki da rami huɗu a kan 140, to daga manyan Peugeot ya fito, kuma na fi kyautata zaton 505 ce mai babban matsayi irin wadda aka sayar a Turai, wadda take ɗaukar taya 180/65 (faɗi milimita 180, tsayin gefe kashi 65 cikin 100 na faɗin) a kan 390, ko kuma 604. Yadda ya iso hannun mahaifinka ba abin mamaki ba ne a wurinmu. A shekarun 1980 Turawa sun riƙa tuƙo tsofaffin Peugeot daga Faransa, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. Da yawa daga cikin motocin nan sun gangaro Damagaram da Maraɗi, wasu suka tsallaka Katsina da Kano. Wanda ya sayi mai irin wannan janti yakan ji daɗinta har ranar da tayoyin suka suɗe, daga nan sai ya zagaye kasuwa bai samu ba, ya cire su ya sa na ƙarfe masu inci 14. Na ga irinsu jibge a bayan garejoji, wasu an mayar da su murhu, wasu mazaunin randa. Naka sun yi sa'a da suka faɗa hannun mai adana kaya.

Michelin tana ci gaba da yin wasu girma na TRX a rukunin tayoyinta na tsofaffin motoci, amma sai an yi odarsu daga waje, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Idan wani ya kawo maka tsohuwar TRX ya ce sabuwa ce ba a taɓa takawa ba, ka duba lambar ranar ƙira da ke ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefenta. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne, biyu na mako biyu na shekara. Idan ka ga uku, to kafin 2000 aka yi ta, kuma ko zanenta yana nan kamar jiya aka yi shi, robar ta riga ta mutu.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Bayanin Malam Bamaraɗe ya gamsar da ni, kuma ni ina ganin a sa su. Tsayin taya 175 a kan inci 14, wadda 504 take zuwa da ita, wajen milimita 634 ne, na 180/65 a kan 390 kuma 624, bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya mai yawa ba. Zagayen noti ɗaya ne, gidan ma ɗaya ne, kuma mai motar da kansa ne ya tanade su. Idan aljihu zai ɗauka, motar da za a riƙa fita da ita ranar Juma'a da ranar salla ba za ta cinye taya huɗu da wuri ba.

Tsohon Bakanike ya sake amsawa:

Ranka ya daɗe Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ban bi ka a kan hukuncin ba. Yaron nan ya faɗa da bakinsa cewa yana son motar ta fita yadda ya san ta, kuma 504 ta Kaduna da muka sani wilin ƙarfe take da shi, 5J a kan inci 14, da murfinsa mai ƙyalli a tsakiya. Taya mai dogon gefe tana cikin abin da ya sa motar nan ta yi suna a hanyoyinmu, domin ita ce take shanye rami kafin ya kai ga wili. Wilin ƙarfe idan ya daki rami lanƙwashewa yake yi a buga shi ya koma, na alminiyom mai shekara 40 kuwa tsagewa yake yi. Sannan ka yi tunanin ranar da taya ɗaya za ta fashe masa tsakanin Zariya da Funtuwa: babu mai facin da zai fito masa da 390, sai dai motar ta kwana a kan jak. Wilin ƙarfe na 504 kuwa bai gagari nema ba a Panteka ko Ƙofar Ruwa, tunda an shafe kusan shekara 30 ana harhaɗa motar a ƙasar nan.

Ɗana, idan duk da haka zuciyarka ta karkata ga sa su, akwai abubuwan da ba a tsallakewa. Ka duba mazaunin noti, domin na wani wilin a karkace yake kamar mazurari, na wani kuma a shafe yake yana bukatar noti mai washa, wato faifan ƙarfe a gindinsa, kuma notin wilin ƙarfe ba lallai ya riƙe na alminiyom ba. Ka tabbatar ƙusar hob ta fito isasshe, tunda alminiyom ya fi kauri, yadda noti zai ci zare aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar. Ka gwada ramin tsakiya a kan hob, ka kwatanta ET da na tsohon, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ko yana gugar wani abu. Don neman tsaga, ka wanke shi tas, ka shafa kananzir, ka goge, ka barbaɗa garin alli a kewayen ramukan noti da gindin hannuwa. Duk inda siririn layi ya jiƙe, tsaga ce, kuma wannan wilin ya gama aiki. Abu ɗaya da nake roƙonka da girman Allah shi ne, idan wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya ce zai rage maka su su koma inci 15, kada ka yarda, domin naman da zai cire shi ne yake riƙe da iskar.

Ɗan Kakuri ya rufe da cewa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na karanta wa babbar yayata bayanin Malam Bamaraɗe, sai ta yi shiru, sannan ta ce ta tuna wata tafiya da Baba ya yi Maraɗi tana 'yar firamare, ya dawo da wasu kaya masu nauyi a but, ya hana kowa taɓawa, yana cewa sai ya samu tayarsu. Ashe bai taɓa samu ba.

Na yanke shawarar bin maganar Baba Tsohon Bakanike, tare da girmama ra'ayin Injiniya. Ranar Asabar zan shiga Panteka da tsohon wilin ƙarfen nan guda ɗaya mai sauran lafiya da tef da zarena, in nemo na ƙarfe guda huɗu, shi kuma ya zama safaya. Na alminiyom huɗun kuwa zan cire musu baƙin fentin gaba ɗaya, in yi musu gwajin kananzir da alli, in sake naɗe su in mayar da su inda na same su. Idan akwai mai gyaran 505 ko 604 a cikinku da yake bukatar ganin lambobin da ke bayansu, zan ɗora hotunan a nan da zarar na gama wankewa.